Tsingaron Sin a Bakin Sahara, da Abin da Ya Haɗa Shi da Katsina

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta barin su su saurari murya, da waɗanda suka fi son karatu a nutse. Daga nan Ƙofar Sauri nake magana, cikin birnin Katsina, kuma yau hirar tamu a kan tangaran ce. E, tangaran dai, irin wanda ake hana yaro taɓawa a ɗakin amarya. Kada wani ya ce yau kuma an koma shirin mata. Ku ba ni ɗan lokaci, za ku ga inda zancen zai kai mu.

A shekarar 2007 wasu mutane a jihar New York ta Amurka suka sayi wani ɗan farin kwano a gwanjon tarkacen gida, irin wanda mai gida kan baza a ƙofar gidansa in yana son rage kaya. Dala 3 suka biya. Faɗinsa bai wuce inci 5 da ɗoriya ba, an sassaƙa masa zanen ganye da fure, launinsa kamar hauren giwa. Suka aje shi a falo shekara da shekaru. Daga baya zuciyarsu ta raya musu su nuna wa masana. A watan Maris na 2013 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da kwanon nan a kan dala miliyan 2.2. Ashe tangaran ne na ƙasar Sin, ƙirar Ding, daga zamanin daular Song ta Arewa, wadda ta yi mulki daga 960 zuwa 1127. Irinsa guda ɗaya kawai aka sani, yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan.

Na san abin da wasunku ke tunani yanzu, an fara hararar kabad ɗin Hajiya. Ku dakata, za mu zo nan.

Mene ne ma tangaran, me ya raba shi da tukunyarmu? Tukunyar gargajiya da magina ke ginawa da yumɓu a fili ake gasa ta. A jera tukwane, a lulluɓe da kara da itace da busasshen kashin shanu, a cinna wuta. Zafin irin wannan wuta ba kasafai yake wuce digiri 900 a ma'aunin Salshiyos ba. Shi ya sa randa take tsattsafo, kuma tsattsafon nan ne yake sanyaya ruwa. Saboda haka ba aibi ba ne, dabara ce ta mutanen da suka san zafin bazara. Shi kuwa tangaran da farar ƙasa mai laushi ake yin sa, a haɗa da wani irin dutse da ake dakawa ya zama gari, a gasa a rufaffen tanderu har zafi ya kai wajen digiri 1,300. A wannan zafi jikin abin narkewa yake fara yi, ya haɗe kamar gilas. Ruwa ba ya ratsa shi. In ka ƙwanƙwasa da farce sai ya yi amo kamar ƙararrawa, in kuma siriri ne ka ɗaga shi ga rana sai ka ga haske ta cikinsa.

Wurin da ni aikin ya fi burge ni shi ne sassaƙar. Ba fenti suke sa wa irin wannan farin tangaran ba. Idan an gina tulu ko kwano ya sha iska, bai bushe ƙarau ba kuma ba danye sharaf ba, sai mai zane ya ɗauki wuƙar gora ko ta ƙarfe ya kwantar da ita a karkace, ya ja layi. Gefe ɗaya na layin ya yi zurfi, ɗayan ya tafi a kwance. Ya zana furen bado, ko agwagi, ko kifi biyu cikin ruwa, da sauri, domin in hannu ya tsaya zanen ya mutu. Sannan a tsoma abin cikin ruwan ƙyalli, wanda shi ne zai zama gilas ɗin da ke lulluɓe shi bayan gashi. Ruwan nan sai ya taru a cikin kwarin zanen, ya yi kauri a can, ya yi siriri a tudu. Da an fito da shi daga wuta, inda ya taru ya fi duhu kaɗan. Ka ga fari a kan fari, amma zane ya fito. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai zanen ƙwarya yana kallon yadda wuƙa ke tafiya, ya san irin nutsuwar da wannan aiki yake so.

Gidajen wannan sana'a biyu nake so ku riƙe. Na farko Ding, a gundumar Quyang ta lardin Hebei, arewacin Sin. Su da kwal suke gashi, shi ya ba kayansu launin hauren giwa. Suna kife kwanuka a tanderu, ɗaya bisa ɗaya, don su gasa da yawa a lokaci guda, sai bakin kwanon ya fito ba ƙyalli, a bi shi da zoben tagulla ko azurfa. Na biyu yana kudu, garin Jingdezhen a lardin Jiangxi. Su da itace suke gashi, kayansu fari ne mai sirkin shuɗi, shi ake kira Qingbai. Garin ya samo sunansa daga zamanin mulkin wani sarki da ya fara a 1004, zamanin da ake kira Jingde. Kusa da garin akwai wani tsauni mai suna Gaoling inda ake haƙo farar ƙasa, kuma daga sunan tsaunin nan ne duniya ta samu kalmar kaolin. Ku riƙe wannan kalma ma, akwai inda za ta dawo mana.

Tulunan adon da kuke gani a intanet, masu ɗan ƙaramin baki da faffaɗar kafaɗa da siririn gindi, sunansu meiping. Asalinsu ma'ajiyar giya ne, daga baya aka mayar da su wurin soka reshen fure. Wato abin da attajirai ke kashe miliyoyi a kai yau, tulun barasa ne na wancan zamani. Allah Ya kyauta.

Ɗaruruwan shekaru Turawa suna sayen tangaran ba su san yadda ake yin sa ba. Sai a 1708 aka gano sirrin a Jamus, a hannun wani Johann Friedrich Böttger, mutumin da Sarki Augustus na Saxony ya tsare saboda ya yi cika bakin zai iya ƙera zinariya. Zinariya ba ta samu ba, tangaran ya samu, aka buɗe masana'antar Meissen a 1710. Sarkin nan Augustus son tangaran ya kai masa ga cuta. A 1717 ya ba Sarkin Prussia sojojin doki 600, aka ba shi tangaran na Sin guda 151. Mutane 600, masu iyaye da 'ya'ya, a bakin tuluna. Kafin mu yi musu dariya mu tuna cewa a hanyoyin Saharar da za mu shiga yanzu ma, da mutane aka biya kuɗin kayan ado da yawa.

To yaya aka yi wannan kaya ya iso Afirka? Ta ruwa, tun kafin Turawa su san hanyar. A 1998 masu nutso suka gano wani jirgin ruwa ƙirar Larabawa da ya nutse kusa da tsibirin Belitung a Indonesiya wajen shekarar 830. Kayan yumɓu da tangaran na Sin kusan 60,000 aka samu a cikinsa. Jirgi ɗaya ke nan. Irin waɗannan jirage ne suka cika Basra da Fustat, wato tsohuwar Alƙahira, da kayan Sin. Su ne kuma suka kai su gaɓar Afirka ta Gabas, garuruwa irin su Kilwa a Tanzaniya da Gedi a Kenya. Mutanen can Musulmi ne 'yan kasuwa, har manna kwanukan Sin suke yi a jikin masallatai da kaburbura, kuma a gidajen Lamu akwai bango guda da ake yi wa 'yan ƙananan tagogi jere-jere don a shirya tangaran a ciki, baƙo ya gani.

Mu kuwa ba mu da teku, raƙumi muke da shi. Raƙumin da zai ratsa Sahara kayan da zai ɗauka ba su wuce kilo 150 ba, ana sauke su kowace yamma, a sake ɗaurawa kowace safiya, wata biyu ana haka. Kai ma in kai ne madugu, me za ka ɗora? Tufafi, takarda, duwatsun ado, tasoshin tagulla waɗanda in sun faɗi sai dai su lotse. Wa zai ɗauko abin da tuntuɓe ɗaya zai mayar da shi gari? Wannan ne dalilin da ya sa a gaɓar teku ake tono tsingaron Sin tuli-tuli, a yankinmu kuwa abu ne da sai an tona ƙwarai.

Amma wani ya ɗauko. A arewa maso gabashin Mali, cikin duwatsun yankin Kidal, akwai kufan wani gari da Buzaye ke kira Essuk, wato kasuwa. Tsohon sunansa Tadmakka. Malamin nan na Andalus, al-Bakri, ya kwatanta garin a littafinsa na 1068, ya ce ya yi kama da Makka, kuma mutanensa suna ciniki da dinaren zinariya tsantsa wanda ba a buga masa hatimi ba. A 2005 wani masanin tono kayan tarihi ɗan Birtaniya, Sam Nixon, tare da ma'aikatan kula da kayan tarihi na Mali, suka tona wurin. Suka samu mazubin yumɓu da ake zuba narkakkiyar zinariya a ciki a yi dinare, abin da ya gaskata maganar al-Bakri bayan shekara 900 da ɗoriya. Suka samu gilasai, suka samu ƙyallen siliki. Suka kuma samu wani ɗan mitsitsin tsingaro, fari mai sirkin shuɗi. Qingbai ne, ɓallin kwano daga Sin, na tsakanin ƙarni na 10 da na 12.

Ku ɗan tsaya ku auna tafiyar kwanon nan. Daga tanderu a kudancin Sin zuwa tashar jiragen ruwa. Daga nan ya ratsa tekun Indiya da iskar damina. Hanyar da aka fi bi a lokacin ita ce ta Bahar Maliya zuwa Masar, daga Masar a bi arewacin Afirka, sannan a hau raƙumi a nufo kudu. Hannu nawa ya bi? Harshe nawa aka yi cinikinsa da shi? Ya tsallake duk wannan, ya iso bakin Sahara lafiya, sai a wani gida a Tadmakka ya suɓuce wa wani ya fashe. Ina tausayin yaron da aka aika da shi ran nan.

Yanzu ga abin da ya sa na kawo wannan labari. Tsingaron nan, in ka tsince shi a bola, ko naira 10 ba wanda zai ba ka. Abin da ya ba shi baki har yake magana shi ne an san inda aka same shi. Ƙasa shafi-shafi take, na ƙasa ya girmi na sama. Masu tono na ilimi suna rubuta zurfin da kowane abu ya fito, da abin da ke kusa da shi, su ɗauki gawayin da ke shafi ɗaya da shi su kai ɗakin gwaji a auna shekarunsa. Da haka ɗan tsingaro ya zama shaida cewa shekara 900 ko 1,000 da suka wuce, mutanen bakin Sahara suna cikin kasuwar da ta kai har Sin. A 2019 aka ɗauke shi zuwa gidan tarihi na Block da ke jami'ar Northwestern kusa da Chicago, a wani baje koli mai suna Caravans of Gold, wato Ayarin Zinariya. Aka aje shi kusa da cikakken kwano irinsa, don mai kallo ya ga daga inda ya ɓalle.

A wannan baje kolin dai, akwai kayan da aka aro daga Najeriya, kuma a cikinsu akwai na ƙasar Katsina. Kayan Durɓi ta Kusheyi.

Ɗan Katsina nawa ne cikinmu ya taɓa zuwa Durɓi ta Kusheyi? Tana ƙaramar hukumar Mani, tafiyar kilomita 30 da 'yan kai daga birni ta gabas. Tuddai ne na kaburbura, waɗanda tarihin baka ya danganta da Durɓawa, gidan da ya yi sarauta kafin Muhammadu Korau. Har yau sarautar Durɓi tana nan, shi ne hakimin Mani. Sau biyu aka tona wurin, kuma bambancin tonon biyu shi ne zuciyar shirinmu na yau.

Na farko a 1907, Baturen mulki H. R. Palmer ya sa aka buɗe manyan tuddan, a farkon sarautar Sarki Muhammadu Dikko. An samu kayan yumɓu da na ƙarfe. Kayan nan sun salwanta, abin da aka rubuta a kansu kuma ɗan kaɗan ne. Manyan kaburburan, waɗanda ake sa ran su suka fi kaya, sun tafi a haka.

Na biyu a 1992, ƙarƙashin Farfesa Dierk Lange na jami'ar Bayreuth ta Jamus. Aka buɗe tuddai 3, kowanne da mutum ɗaya a ciki. Aka samu 'yan kunne da zobe na zinariya, mundaye na tagulla da na hauren giwa, duwatsun ado, ragowar tufafi, da wuri. Aka kuma samu wata tasa ta tagulla wadda masana suka ce ƙirar Gabas ta Tsakiya ce, ta ƙarshen ƙarni na 13 ko farkon na 14. Wurin nan kuwa, kuɗin da kakanninmu suka yi ciniki da shi har zuwan Turawa, daga tekun Indiya yake fitowa, musamman tsibiran Maldives. Daga baya aka kai kayan birnin Mainz aka tsaftace su aka yi nazarinsu, aka dawo da su Najeriya a 2014.

Na sani, tonon kabari ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, ni kaina zancen yana min nauyi, ko da na mutanen shekara 700 ne. Amma in har an riga an taɓa makwancin mutum, mafi ƙarancin haƙƙinsa shi ne kada a watsar da abin da aka gani. Na 1992 sun bar mana abin karantawa. Na 1907 rami suka bari.

Kuma kada wani ya je ya ce na ce an tono tangaran na Sin a Katsina. Ban faɗa ba. Abin da na ce shi ne hanyar da ta kawo tsingaron Sin Tadmakka, danginta ce ta kawo tasar Gabas ta Tsakiya da wurin tekun Indiya ƙasar Mani. Tun kafin a gina hasumiyar Gobarau, tun kafin Katsina ta zama babbar tashar ayarin Sahara a ƙarni na 17 da na 18, masu mulkin wannan ƙasa suna da hannu a cinikin nesa. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Katsina a 1851, ya tarar kasuwar ta riga ta koma Kano, birnin ya yi wa mutanensa yawa. Abin da ya gani saura ne.

Yanzu mu shigo cikin gida, ɗakin kakanninmu mata. Jere. A da ƙorai ne masu zane da akussa ake shiryawa, mai hali ta ƙara da tasoshin tagulla. A ƙarni na 20 sai kwanukan fenti suka shigo, langa da samira da kwalla da fanteka, masu furanni ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Su ba tangaran ba ne, ƙarfe ne aka lulluɓe da ruwan gilas aka gasa. Wato ƙyallin tangaran a jikin abin da ba ya fashewa, daidai da mutanen da kayansu ke tafiya a bayan jaki da a-kori-kura. Da farko daga Turai ake kawo su, irin su Cakoslobakiya, sai Hong Kong ta karɓe kasuwar. Da Najeriya ta doshi 'yancin kai ta fara tsaurara haraji a kan kayan waje, sai masu masana'antu 'yan Sin, waɗanda da yawansu daga Shanghai suka koma Hong Kong, suka taso da injinansu suka kafa a nan. An kafa Nigerian Enamelware a Ikeja a 1960, wasu kuma suka kafa nasu a Kano. Sai daga baya ainihin tangaran ya cika kasuwa, aka koma kabad mai gilas da saitin faranti.

Kun tuna bangon Lamu mai tagogin tangaran? Ku kwatanta shi da bangon amarya Bahaushiya da aka shirya wa kwanuka tun daga ƙasa har rufi. Kun tuna kwanukan da ake mannawa a masallatan gaɓar teku? Ku shiga tsohon soro mai daurin guga ku ɗaga kai, sau da yawa za ku ga tasa ko faranti an manna a tsakiya inda bakunan suka haɗu. Ba mu kwaikwaye su ba, ba su kwaikwaye mu ba. Mutane ne iri ɗaya, 'yan kasuwa Musulmi, masu son a ga abin nesa mai ƙyalli a ɗakinsu. Kuma jere ba ado kaɗai ba ne. Banki ne na mace. Nata ne, ba na miji ba. In ta shiga matsi ta zare kwalla biyu ta sayar, in 'yarta ta isa aure ta rage mata. Tarihin tattalin arzikin matan Hausa na shekara 100 yana jikin kwanukan nan.

Ina suke yanzu? Tsohuwa ta rasu, a raba gado, jikoki su ce tarkace ne. Mai kura ya zo ƙofar gida, a ɗora tasar tagulla a sikeli a sayar da ita kilo-kilo, ta tafi wurin narkarwa. Ba wanda ya tambayi tasar wa ce, daga ina ta zo, a auren wa aka fara jera ta. Mai yiwuwa cikin irin waɗannan tasoshi akwai waɗanda suka hau raƙumi.

Akwai wanda ya fi wannan ciwo. Ku shiga intanet ku nemi mutum-mutumin yumɓu da ake kira na Katsina. Za ku gan su a kundin gwanjon Faris da Brussels, an rubuta sunan jiharmu a ƙarƙashinsu, ana cewa sun kai shekara 2,000 ko kusa da haka. Masu tonon sata ne suka fitar da su, musamman a shekarun 1990, dillalai suka tsallaka da su iyaka. Abin ya kai a shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa su a jerin kayan Afirka da ta gargaɗi duniya kada a saya, tare da na Nok da na Sakkwato. Ga su nan cikakku, kyawawa, masu tsada, amma bebaye. Wanda ya tono su bai rubuta rami ba, bai rubuta zurfi ba, bai ɗebi gawayi ba, ya farfasa tukwanen da ke kewaye da su don ba su da kasuwa. Tsingaron Tadmakka da bai kai komai ba ya ba da labarin rabin duniya. Waɗannan kuwa ko sunan ƙauyensu ba za su iya faɗa ba.

Wani zai ce ai gumaka ne, me ya dame mu. Yo wa ya ce ka bauta musu? Shaida ce ta waɗanda suka zauna a ƙasar nan kafin mu, me suka ci, me suka ƙera, da wa suka yi ciniki. Masar ƙasar Azhar ce, ba ta bar kowa ya kwashe kayan Fir'auna a buhu ba. Mu ma muna da doka. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun wanda aka ba izini, ta hana fitar da su waje ba takarda, ta hana tono ba izini. Kayan fasahar gida da aka yi kafin 1918 suna cikin abin da ta kare. Dokar tana takarda. Yaron ƙauye da dillali ya nuna wa kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, bai taɓa jin labarinta ba, kuma ni ba shi nake zargi ba.

To, kabad ɗin Hajiya. Gaskiya ita ce kusan duk tangaran da ke gidajenmu na masana'anta ne, na jiya-jiya. Ka juya gindinsa, in ka ga an buga Made in China, to na ƙarni na 20 ne zuwa yau. Kuma har gobe a Jingdezhen akwai gwanayen da ke ƙera sabon tulu su tsufar da shi, har ƙwararru su ruɗe. Duk wanda ya zo maka da farin tulu ya ce na daular Song ne, wai ka kawo kuɗi a kai shi Dubai a raba riba, ɗan'uwan mai labarin sinadarin da ke cikin tsohon keken ɗinki ne. Ka riƙe kuɗinka. Darajar kwanon Hajiya ba a dala take ba, tana bakin Hajiya, in ka tambaye ta tun tana da rai.

Na ce kalmar kaolin za ta dawo. Farar ƙasar nan da Sin ta gina sunanta a kai, muna da ita a Ƙanƙara, cikin jihar nan. Haƙo ta ake yi a loda a mota danya, mu kuma mu je kasuwa mu sayo kofin shayi da tayil da aka yi da irinta a wata ƙasa. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Kuma ba a ce hannunmu bai iya ba. Ku ciro naira 20 ku duba bayanta. Matar da ke zaune tana gina tukunya ita ce Ladi Kwali. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, ita ce mace ta farko a wurin. Ta riƙe ginin hannu irin na Gwari, tana sassaƙa ƙadangare da kunama da kifi da kada a jikin tulu da wuƙa, a cike zanen da farar ƙasa, a lulluɓe da ruwan ƙyalli, a gasa a tanderu mai tsananin zafi. Sassaƙa a ƙarƙashin ƙyalli, dabarar da muka fara shirin nan da ita. Tulunanta suna manyan gidajen tarihi a Ingila da Amurka. Ta rasu a 1984.

Shiri na gaba a kan jere zai kasance shi kaɗai, kuma ba zan iya yin sa ni ɗaya ba. Duk wanda ke da tsohuwa a gida, ya roƙe ta ta fito da abin da ya rage na kayan ɗakinta. Ku ɗauki hoton kwanon ta sama, ku juya ku ɗauki hatimin da ke gindinsa. Ku tambaye ta sunan da suke kiransa, wa ya saya mata, a wace kasuwa, nawa, kuma a zamanin wane sarki aka yi auren in ba ta riƙe shekara ba. Ku naɗi muryarta a waya in ta yarda. Kada ku turo sunanta, unguwa ko gari ya isa. 'Yan cikin birni kuma, ranar Asabar mai zuwa in Allah Ya kai mu, bayan sallar Azahar, ni da wasu abokai za mu leƙa gidan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922. Daga Ƙofar Sauri ba wata tafiya ba ce. Mai zuwa ya taho da littafin rubutu da biro.

Sai mun haɗu. Wassalamu alaikum.